Fitila Biyu a Garejin Wani Dattijo

Tun kafin mu fita daga harabar filin jirgin San Faransisko ƙanina ya fara jero mini wuraren da ya tsara zai kai ni: jar gadar nan da ake gani a hotuna, bakin teku, da wani daji mai itatuwan da suka girmi kakannin kakanninmu. Na bari ya gama. Sannan na ce masa ni dai wata 'yar ƙwaya nake son gani, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma an ce mini tana wani gari da ake kira Santa Clara.

"Yaya, ka yi kwana guda a sama don ka zo kallon aisi? Ba su ishe ka a shago ba?"

Na ce masa wannan shi ne kakan na shagon.

Shekara ashirin da shida ke nan ina cin abinci da gyara. Da rediyo na fara a hannun ogana, aka koma talabijin da bidiyo, yanzu kuma waya ce ta cinye komai. Duk wani baƙin abu mai ƙafafu da ke kan fanel, aisi muke ce masa. Na ciro su, na dasa su, wasu na ƙona su da hannuna saboda garaje, amma ban taɓa tambayar inda suka samo asali ba sai da girma ya fara kama ni. Da ƙanina ya aiko mini da takardar gayyata, abin da ya fara faɗo mini ke nan.

Kwarin Silikon da ake ta zuzutawa, inda Santa Clara take, in ka shiga, ba wani abin kallo. Hanya ce mai faɗi, motoci bila adadin, gajerun gine-ginen ofis a bayan itatuwa, duwatsu can nesa hagu da dama. Da ba don sunayen da ke jikin allunan ba, ba abin da zai nuna maka a nan ake ƙera abin da ke aljihun kowa. Kafin shekarun 1950 gonakin 'ya'yan itace ne. A 1956 William Shockley, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro taransisto, ya buɗe ɗakin bincikensa a Mountain View. Gwani ne, amma zama da shi sai mai haƙuri. Shekara guda aka yi mutum takwas daga cikin yaransa suka tattara nasu ya nasu suka kafa Fairchild, daga cikinsu kuma biyu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka sake ɓallewa a 1968 suka kafa Intel. Duk wanda ya taɓa riƙe yaran shago ya san wannan labarin, sunaye kawai suka bambanta.

Ranar Juma'a da hantsi muka je hedkwatar Intel. Suna da ɗan gidan tarihi a ƙasan ginin, kuma ba a biyan ko sisi. Ƙanina ya tsaya kallon wani narkakken silikon da aka daskarar, dogo mai sheƙi kamar turmin ƙarfe, wanda ake yankawa faifai-faifai a zana aisi a kai. Ni kuwa na wuce ina neman abin da ya kawo ni.

Na same shi. Ƙafafu goma sha shida, takwas kowane gefe, girmansa bai fi na aisin sautin da muke canzawa a ƙananan rediyo ba. Ainihin silikon ɗin da ke ciki kuwa milimita 3 ne a 4. A cikin wannan ɗan fili aka cusa taransisto 2,300. Sunansa 4004. Na sunkuya har numfashina ya yi wa gilashin hazo, na goge da hannun riga, na sake sunkuyawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarinsa shi ne ba wanda ya tashi da niyyar ƙera shi. A 1969 wani kamfanin Japan mai suna Busicom ya zo wa Intel da kwangila: yana son a yi masa aisi kusan dozin guda, kowanne da nasa aikin, don wata kalkuleta ta kan tebur mai buga lissafi a takarda. Intel a lokacin ƙaramin kamfani ne, sana'arsa ƙera ma'adanar bayanai, ba shi da hannayen da za su zana aisi goma sha biyu. Sai wani injiniyansu, Ted Hoff, ya kawo shawara: maimakon a yi wa kowane aiki nasa aisin, a yi guda ɗaya wanda bai iya komai ba sai bin umarni, a rubuta umarnin a ajiye masa a gefe. In aikin ya canza, umarnin za a canza, ƙarfen yana nan. Stanley Mazor ya taya shi tsara umarnin. Daga nan takardun suka kwanta wata da watanni, don ba mai zanawa.

Sai a Afrilun 1970 aka ɗauko Federico Faggin, ɗan Italiya, daga Fairchild. Bai gama sanin kujerarsa ba Masatoshi Shima, injiniyan Busicom, ya sauka daga Japan don duba inda aka kwana, ya tarar ba a ma tashi ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma wanda ya zo jiya-jiya ne ya sha faɗan. Ƙarshenta su biyun suka duƙufa tare. Samfurin farko ya fito a ƙarshen Disamba, aka gwada, shiru: an tsallake mataki guda a masana'anta. Na san wannan shirun. Ka kwana kana aiki, ka jona wuta, allurar mita ta ƙi motsi. A Janairun 1971 aka sake fitowa da wani, ya yi aiki. A kusurwar zanen Faggin ya dasa haruffan sunansa, F.F., ƙanana yadda sai da madubin ƙara girma za ka gan su. Wannan ya burge ni. Ogana ma yakan ɗan karce wata alama a cikin murfin duk rediyon da ya gyara, don in ta dawo ya san aikinsa ne.

Da farko Busicom ne kaɗai ke da ikon amfani da aisin. Amma kasuwar kalkuleta ta fara zubewa, suka nemi ragi, Intel ta mayar musu da dala 60,000 a kan su sakar mata ikon sayar wa wasu. Ranar 15 ga Nuwamba 1971 tallar 4004 ta fito a jaridar Electronic News. A 1974 Busicom ya durƙushe. Ƙanina ya ce ai sun yi wauta. Ni ban ga wauta ba. Mutumin da bashi ya shaƙe ba ya hangen shekara hamsin, ƙarshen wata yake hange. Kuma su kansu Intel ɗin ba kwamfutar gida suke tunani ba. A ganinsu abin na sikeli ne da injin kanti da fitilun kan titi.

Bayan 4004, aisin 8008 ya zo a 1972, sai 8080 a 1974, wanda shi ne na farko da ya yi ƙarfin da za a gina kwamfuta ta sosai a kansa. Kuɗinsa dala 360 guda ɗaya. Ku riƙe wannan farashin, za mu dawo kansa. Muka fito muka nufi masallacin Juma'a, wanda ba shi da nisa da wurin, cike da Indiyawa da Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa, da yawansu da katin aiki rataye a wuya.

Washegari muka tafi babban gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View, mu uku har da 'yar ƙanina mai shekara goma sha biyu, wadda Hausarta ke tafiya da ɗingishi amma ba ta jin kunyar yin ta. Wurin yana da girma, kuma an jera kayan bisa zamani, tun daga allon duwatsun lissafi. Mun bi ta gaban manyan injuna na shekarun 1940 zuwa 1960, irin su ENIAC da ta ci kwalaben lantarki kusan 18,000, irin waɗanda na tarar a tsofaffin rediyon da ake kawo wa ogana. Abin da na fahimta a wannan sashen guda ne: a wancan zamanin kwamfuta ta gwamnati ce da banki da jami'a. Tana ɗaki mai sanyi a kulle. Kai mai buƙata sai ka huda katunanka, ka miƙa wa ma'aikaci, ka dawo anjima ko gobe ka karɓi amsa. In ka yi kuskuren waƙafi ɗaya, ka sake bin layi. Akwai dubban mutane da suka iya aikin, suna sonsa kamar me, amma ba su taɓa zama su kaɗai da injin ba.

To su ne mutanen sashen da na fi daɗewa a ciki. An yi ƙoƙari iri-iri kafin a dace. Akwai Kenbak-1 ta 1971, da wani John Blankenbaker ya haɗa tun kafin a fara sayar da aisi mai bin umarni irin 4004, ya sa mata dala 750, ya sayar da wajen arba'in kasuwa ta ƙi. Faransawa sun yi Micral a 1973 a kan 8008. A Yulin 1974 mujallar Radio-Electronics ta buga yadda za ka haɗa wata mai suna Mark-8, amma kai za ka bi shaguna ka nemo kayan. Sai Altair 8800.

Akwati ce mai ruwan shuɗi da toka, girman akwatin amfilifaya ta masu haya da lasifika. Gabanta layi-layi ne na ƙananan makunnai na ƙarfe da jajayen fitilu. Shi ke nan.

"Baffa, ina sikirin ɗin?"

Na ce babu.

"Ina wurin rubutu?"

Shi ma babu.

Ta dube ni, ta dubi akwatin. "To me take yi?"

Tambayar da aka yi ta yi ke nan tun 1975. Mai ita, Ed Roberts, tsohon sojan sama ne da ke da ɗan kamfani mai suna MITS a Albuquerque ta jihar Niyu Meziko, nesa da wannan kwarin. Shi ma kalkuleta yake sayarwa, a warware, mai saye ya haɗa da kansa, har manyan kamfanoni suka karya farashi suka bar shi da bashi. Sai ya yi kasada. Ya je ya yi ciniki da Intel a kan sari, aisin dala 360 ya same shi a 75. Da haka ya iya sa wa kwamfuta sukutum dala 397 in za ka haɗa da kanka, wato kusan kuɗin aisin shi kaɗai a kanti. Mujallar Popular Electronics ta sa ta a bangon fitowar Janairun 1975. Wadda ke cikin hoton ma fanko ce: samfurin gaskiyar ya ɓata a hanya tsakanin Albuquerque da Niyu Yok, sai aka haɗa akwati da fitilu ba komai a ciki aka ɗauka. Roberts yana fatan ya sayar da ɗari biyu ya fita kunyar banki. Oda ta zo dubbai. Mutane suka riƙa aika kuɗi ga kamfanin da ba su taɓa jin sunansa ba, suna jiran watanni, a kan injin da ma'adanarsa bayit 256 ce, wato ko wannan sakin layin ba zai shige ta ba.

Na tsaya gabanta hannuwana a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, don na san halina. Yatsuna ƙaiƙayi suke. Waɗannan makunnan an yi su ne don a taɓa. Duk wanda ya mallaki Altair sai da ya ƙona yatsa da dalma wajen haɗa ta, sai da ya yi kanta a ɗan yatsa wajen ɗaga makunnai. Ga ta yau a bayan gilashi da fitila a kanta kamar zinaren amarya. Ban ga laifin masu gidan ba, in aka bar irina dubu su taɓa, shekara guda ba za ta kai ba. Amma kallon kayan aiki ta gilashi kamar kallon tuwo ne a hoto.

Abin da mai gyara zai lura da shi, wanda ɗan yawon buɗe ido zai wuce, shi ne cikinta. Ramuka ne a jere, kowanne mai haƙora ɗari, inda ake soka fanel. Kuma ana ba ka ita da zanen wayoyinta. Duk wanda ya iya karanta zane zai iya ƙera nasa fanel ɗin ya soka. Haka kuwa aka yi. Fanel ɗin ƙarin ma'adana da MITS ta fitar ya riƙa ba da matsala, sai wani Bob Marsh a Berkeley ya ƙera nasa mai aiki ya fara sayarwa, kamfanin Processor Technology ya samu. Wasu suka kwaikwayi injin gaba ɗaya suka fitar da IMSAI. Roberts ya ji haushi, amma ƙofar da ya bari a buɗe ita ta sa injinsa ya yi rai. Shi kuwa a 1977 ya sayar da kamfanin, ya koma jihar Jojiya, ya yi karatun likita, ya ƙare rayuwarsa yana duba marasa lafiya a wani ƙaramin gari. Ya rasu a 2010.

Ranar Lahadi ƙanina ya ce tunda na ƙi teku, bari ya zaga da ni unguwannin da abin ya faru. Muka hau El Camino Real, tsohuwar hanyar da ta ratsa garuruwan kwarin, muka yi arewa zuwa Menlo Park. Gareji a wurinsu ba wajen makanikai ba ne kamar namu, ɗakin ajiye mota ne a jikin gida, inda maigida ke tara tarkacensa. A irin wannan ɗakin, na wani Gordon French, mutum 32 suka taru a daren 5 ga Maris 1975, ana ruwa, wasu a zaune a kan siminti, don su ga Altair guda ɗaya da ta iso yankin. French da Fred Moore ne suka kira taron. Aka sa wa ƙungiyar suna Homebrew Computer Club, ma'ana masu dafa tasu kwamfutar a gida. Ban nemi gidan ba. Gidan mutane ne, kuma ƙofar gareji duk iri ɗaya ce.

A wani zama na makonnin farko, Steve Dompier ya zo da tasa Altair ɗin da ƙaramar rediyo. Ya lura cewa in injin yana aiki, rediyon da ke kusa tana ɗaukar tsuwwarsa, kuma tsuwwar tana canzawa bisa umarnin da ke gudana. Ya zauna ya jera umarnin yadda tsuwwar za ta zama waƙa. Ya ɗora rediyon, ya kunna, ɗakin ya ji Altair tana rera waƙa, aka tashi tsaye ana tafi. Abin da ni aka koya mini in kashe a rediyo, wato kutsen wani inji, shi wannan ya mayar kiɗa.

Da jama'a suka yi yawa sai suka koma babban ɗakin taro na cibiyar binciken kimiyya ta SLAC, ta jami'ar Stanford, Lee Felsenstein yana jan ragamar zaman. Tsarin mai sauƙi ne. Kowa ya miƙe ya faɗi abin da yake da shi ko abin da ya gagare shi, daga baya a watse kowa ya nemi wanda zai yi masa amfani. Wannan yana da aisi na sayarwa, wancan ya gano dalilin da fanel kaza ke zafi, wani ya zo da zane yana rabawa kyauta. Ban ji baƙunta ba da na karanta wannan. Haka layinmu yake a kasuwa: waya ta gagare ka, ka leƙa shagon maƙwabci, ya ce taɓa ƙafa ta uku, ka dawo ka taɓa ta tashi, ba wanda ya rubuta maka rasit.

Sai dai rabon kyauta yana da inda yake cizo. Wasu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, sun ga wancan bangon mujallar, suka rubuta wa Altair harshen BASIC, wanda zai sa mutum ya ba ta umarni da kalmomi maimakon makunnai. Ba su ma da injin. A wata babbar kwamfuta ta jami'ar Harvard suka kwaikwaye shi, Monte Davidoff ya rubuta musu sashen lissafi, Allen ya ɗauki aikin a kan zaren takarda mai huji-huji ya hau jirgi zuwa Albuquerque, aka zura, ya yi aiki. Asalin Microsoft ke nan. A tsakiyar 1975 MITS ta zo nuna kayanta a wani otal a Palo Alto, zare ɗaya ya yi ɓatan dabo, ba a jima ba kwafinsa ya cika taron Homebrew. Sharaɗin kawai shi ne in ka ɗauki ɗaya ka dawo da biyu. A Fabrairun 1976 Gates ya rubuto musu buɗaɗɗiyar wasiƙa, aka buga a takardar labaran ƙungiyar. Ya ce cikin masu amfani da BASIC ɗinsu ko ɗaya cikin goma bai biya ba, in aka lissafa wahalarsu ba ta kai dala biyu a awa ba, kuma abin da suke yi sata ne.

A mota muka yi ta musu da ƙanina a kan wannan. Shi manhaja yake rubutawa, da ita yake biyan haya, don haka yana bayan Gates ɗari bisa ɗari. Ni kuwa bakina da nauyi, don manhajojin da muke yi wa waya filashin da su, in na ce duka na saya na yi ƙarya. Na ce masa mutanen nan sun biya kuɗin inji sun jira watanni, an ce in suna son BASIC da araha sai sun haɗa da fanel ɗin da ba ya aiki, me ake so su yi? Ya ce, "Yaya, in wani ya kwashe maka kayan aiki don maƙwabcinka ya cuce shi, za ka yarda?" Ban ba shi amsa ba. Abin da ya fi burge ni dai shi ne martanin wasu daga cikinsu: maimakon zagi sai suka zauna suka rubuta nasu ƙaramin BASIC ɗin, aka buga shi a mujallar Dr. Dobb's kowa ya kwafa. Li-Chen Wang, wanda ya rubuta ɗaya daga ciki, ya juya kalmar haƙƙin mallaka a kan nasa don tsokana, ya bar wa duniya.

Farashi ne ya ƙarasa aikin. Chuck Peddle da Bill Mensch da wasu abokan aikinsu sun bar Motorola sun koma wani ƙaramin kamfani, MOS Technology, suka ƙera 6502. A Satumbar 1975 suka kawo shi wani baje koli a San Faransisko a kan dala 25, lokacin da na Intel da Motorola ke sama da ɗari. Mutane suka ɗauka damfara ce. An hana ciniki a zauren, sai suka kama ɗaki a otal suka zuba aisin a manyan kwalabe don a ga suna da shi da yawa. Peddle ya faɗa daga baya cewa na saman ne masu aiki, na ƙasan cikon kwalba ne. Na yi dariya har ƙanina ya waiwayo. Ashe dabarar kwandon tumatir ba a Kwanar Gafan aka fara ta ba.

Cikin waɗanda wannan arahar ta yi wa rana akwai Steve Wozniak, ma'aikacin Hewlett-Packard, wanda yana cikin mutum 32 na daren farko. Ya gina injinsa a kan 6502, da wurin jona allon rubutu da talabijin, ba makunnai ba fitilu. Ya kai wa kamfaninsa suka ce ba sa so. Ya riƙa raba zanen kyauta a Homebrew har abokinsa Steve Jobs ya ce a sayar. Wozniak ya sayar da kalkuletarsa, Jobs ya sayar da motarsa, suka kafa Apple ranar 1 ga Afrilu 1976 tare da wani Ronald Wayne, wanda bayan kwana goma sha biyu ya ji tsoron bashi ya karɓi dala 800 ya fita. Paul Terrell, mai shagon Byte Shop a kan wannan El Camino ɗin da muke bi, ya yi odar hamsin a kan dala 500 kowace. A kanti aka sa mata dala 666.66. Duka-duka wajen ɗari biyu aka yi. Na ga ɗaya a gidan tarihin Mountain View, kuma a idon mai gyara aikin Wozniak abin a sara masa ne: layukan a tsaftace, aisin kaɗan, ba abin da aka sa don ado.

Mun bi ta gaban gidan iyayen Jobs a Los Altos, inda garejin da ake ta ba da labari yake. Wasu baƙi na tsaye a bakin titi suna ɗaukar hoto. Ban sauka ba. Wozniak da kansa ya ce an zuzuta labarin garejin, ba a can ya yi zanen ba. Daga 1977 kuma zance ya canza: Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka fito a haɗe, ka saya ka jona ka fara aiki. A 1981 IBM ta shigo kasuwar. Mai ƙarfen dalma ya zama ɗaya cikin dubu a layin masu saye.

Daren da zan yi sallama da garin, matar ƙanina ta ce ai maƙwabcinsu, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin gwajin aisi, yana da irin akwatin nan mai fitilu da nake ta ba su labari. Ƙanina ya je ya ƙwanƙwasa. Dattijon ya ɗaga mana ƙofar garejinsa da kansa, sanye da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu. Ƙanshin wurin ya fara tarbata: dalma da ƙura da tsohuwar roba. Na ji kamar na shiga shago.

Tun kafin in tambaya ya gaya mini gaskiya, ba ta ainihi ba ce. Kwaikwayo ce ta zamani da ya saya a warware ya haɗa, a cikinta wani ɗan fanel ne ke yin kamar shi ne 8080. Amma fuskar da makunnan da yadda take amsawa duk ɗaya ne. Ya dubi hannuwana, ya ga tabon ƙuna a babban yatsa, ya nuna mini nasa a wuri ɗaya. Ya jawo mini kujera.

Ya ce za mu tara bakwai da biyar. Ya rubuta mini lambobi goma sha huɗu a bayan wata ambulan. Ma'anarsu: ɗauko abin da ke ɗaki na 128, ajiye shi a gefe, ɗauko na ɗaki na 129, tara su, zuba amsar a ɗaki na 130, koma farko. Kowace lamba sai an jera ta da makunnai takwas, sama ɗaya, ƙasa sifili, sannan a danna makunnin ajiya, fitilu takwas na sama su nuna abin da ya shiga. Na fara. Ƙas, ƙas, ƙas, danna. Makunnan suna da ɗan tauri mai daɗi, kowanne sai ka ji ya zauna. Yarinyar na tsaye a kafaɗata tana karanto mini lambobin da Turanci, ni ina maimaitawa da Hausa. Da na gama sha huɗun na zuba bakwai a ɗakinta, biyar a nata. Dattijon ya ce in sake ta ta gudu. Fitilun suka yi wani dishi-dishi gaba ɗaya, alamar tana zagaye umarnin sau dubbai. Na tsayar, na jera 130, na buɗe ɗakin.

Fitila bakwai suka kama. Ɗaya ce kawai a mace, ta ƙarshen dama.

Ƙanina ya lissafa da sauri ya ce 254 ke nan, ya fara dariya. Dattijon bai ce komai ba, ya harɗe hannu yana kallona, irin kallon da ogana ke yi mini in na kawo masa aikin da ni na ɓata. Na gane ba zai taimaka ba. Na koma ɗaki na farko na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, ina gwada fitilu da abin da ke jikin ambulan. Na farko daidai, na biyu daidai. A na takwas na kama shi: fitila ɗaya ce ya kamata ta kama, biyu suka kama. Yatsana ya goge wani makunni ban sani ba, kuma wannan makunni ɗaya shi ne bambancin "tara" da "ɗebe" a wurin 8080. Ta ɗebe bakwai daga biyar, ta zarce ƙasan sifili, ta zagayo ta sama kamar mitar mota. Ba ta yi kuskure ba ko kaɗan, abin da na ce shi ta yi.

Na sauke makunnin, na danna ajiya, na mayar da ita farko, na sake ta, na tsayar, na buɗe 130. Fitila biyu, ta uku da ta huɗu daga dama. Dattijon ya nuna wa yarinyar da bakin biro: wannan huɗu, wannan takwas.

"Sha biyu!" ta ce, da Hausa.

Na duba agogo, mun ci minti ashirin da wani abu. Dattijon ya miƙa hannu ya kashe wutar, ya sake kunnawa, komai ya goge, ko lamba ɗaya ba ta rage ba. Ya ce haka suke yi kullum a da, duk safiya daga farko. Sannan ya juya ambulan ɗin wajen yarinyar.

"Baffa, tashi," ta ce. "Amma kai za ka karanto mini."